Yadda Sunan Yayarku Ya Hau Takarda

Na san abin da ake faɗa a gidajenku. Wai Inna ce ta je ta rubuta wa jikarta suna yadda ranta ya so, ta bar uwar yarinya da kuka. Na ji shi a bakin ɗan'uwanku Nura cikin raha, na ji shi a bakin jikokin da ko cikinsu ba a yi ba a lokacin. To, ku gyara zama. Ban ce ban yi ba. Na yi. Amma labarin da kuke yawo da shi guntu ne, kuma tunda Allah Ya sa hannuna ya iya biro kafin in bar duniya, ba zan tafi in bar muku shi a guntule ba.

Ku 'yan yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba. A Madadi inda aka haife ni, da nan Kabo inda na yi aure, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane. In ya yi tuntuɓe ya faɗi, wata ce za ta ɗaga shi, ke kuwa ki kau da kai kamar ba ki gani ba, zuciyarki tana dukan uku-uku. Ba ƙiyayya ba ce, tarbiyya ce, haka muka tarar. Da na haifi Yayarku Hadiza, sau ɗaya na ji sunan daga bakin sanƙira a ƙofar gida, daga nan na kulle bakina a kansa. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Da ƙannenta suka zo ta zama "Yayarku". Da ta yi aure ta zama "ta Sabon Birni". Akwai maƙwabciyarmu mai irin sunan, ita ma har ta koma ga Allah "Mai Ƙosai" nake ce mata. Shekara talatin da tara ina haka.

Ga wani abu kuma da nake so ku daina ɗora wa babanku. Shekarar da na haifi Nura na kwanta ciwo har wata bakwai. Yayarku tana 'yar shekara tara, ita ta goya shi, ita ta dama masa koko, ita ta wanke masa tsumma. A shekarar ne aka zo ɗaukar yara makarantar boko. Babanku ya ce a sa ta. Ni na ce a'a, wa zai riƙe mini yaro? Ni na hana. Duk sauranku kun yi karatu, ita kaɗai ce ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, kuma ba ta taɓa buɗe baki ta yi mini gori ba.

Ni kuwa sai da na haura hamsin na shiga ajin manya. Kwana uku a mako, bayan la'asar, a kan bencin 'yan firamare da gwiwoyinmu ba sa shiga ƙarƙashinsa. Wayyo daɗi! Ban san haka duniya take cike da magana ba. Ashe bango yana magana, bayan mota yana magana, kwalin ashana ma yana da abin faɗa. Na zama fitina a gida. Duk abin da aka shigo da shi sai na tsayar da mai shi na karanta.

"Wai ke ko buhun taki ba za ki bari ya huta ba?" in ji babanku.

"Shekara nawa kana zuba shi a gona ba ka san me yake cewa ba? Matsa in ga ƙarshen layin."

Wata rana malamarmu, Malama Asabe, ta ce kowa ta rubuta sunayen 'ya'yanta a jere daga babba zuwa ƙarami. Mu goma sha wani abu, duk masu furfura, kowa ta riƙe fensir tana kallon 'yar'uwarta. Can wata ta yi ƙarfin hali.

"Malama, na farin fa? Mu tsallake shi?"

Malama ta yi dariya har tana dafa allo.

"Iyayena, an ce kada ku faɗa. Wa ya ce kada ku rubuta? Lokacin da aka kafa dokar nan akwai wadda ta iya fensir a cikinku?"

Aji ya kaure da musu. Wasu suka ce rubutu ma magana ce, wasu suka ce hannu daban baki daban. Ni ban sa musu baki ba. Na sunkuya na ɗora fensir. Harafi shida ne. Da na kai na ƙarshe na ɗago, sai ga ta a kan takarda tana kallona. Ban san na yi guɗa ba sai da na ga ajin ya juyo. Daga ranar na cika shafi huɗu da sunan nan, ina ɓoye littafin a cikin kwalla ƙarƙashin zannuwa, kamar budurwa da wasiƙar saurayi.

Ina cikin shekarata ta biyu a aji matar Nura ta haihu a Gwarzo. Kun san Safiya, 'yar gidan malamai ce, ta yi Islamiyya ta yi boko, ga ladabi ga tsafta. Haihuwarta ta biyu ce, don haka ba ta tafi gida wanka ba. Ni na tare a can ina yi mata tuwo da kunun kanwa, Gwaggonku Laraba, yayar babanku, tana yi mata wankan jego. Kwana biyu da haihuwa Nura ya shigo ya durƙusa ya ce ya yi wa yarinya huɗuba da sunan Yaya, wadda ta goya shi. Ba hurumina ba ne in nuna murna a kan ta fari. Na shiga madafa na rufe ƙofa na taka rawa ni kaɗai, muciya a hannu.

Ranar suna kowa ya ji abin da kunnensa ya saba. Liman ya ce Khadija, ya fito da shi daga maƙogwaro yadda malamai suke yi. Sanƙira ya ɗauka ya kwarara Hadizatu har bayan layi. Gwaggo Laraba ta rangaɗa guɗa ta ce Dije ta yi takwara. Yayarku kuwa ta zo daga Sabon Birni tun da hantsi, ta karɓi jaririya, ba ta sauke ta ba sai don sallah da shan nono. Ba wanda ya ga wani bambanci. Suna ɗaya ne a bakin kowa, sai da aka zo maganar takarda.

Washegari Nura zai koma kan hanya, don lokacin yana jan babbar mota yana kai hatsi Kudu. Ya ce a samu wanda zai je a yi wa yarinya takardar haihuwa, kada a yi sakaci irin na wanta. Kafin ya rufe baki na ce ni za ni.

"Inna, akwai cike-cike fa."

"To me nake zuwa yi a aji? Tallan gyaɗa?"

Da safen da za mu tafi Safiya ta kira ni ɗaki, ta miƙo mini 'yar takarda a ninke.

"Inna, ga yadda za a rubuta. Ki miƙa wa ma'aikacin kawai, ba sai kin wahala ba."

Na sa tabarau na buɗe. Khadeejah. Na bi shi da yatsa sau biyu, na ƙirga.

"Wannan sunan wa?"

"Sunan Yaya mana, Inna."

"Ta Sabon Birni harafi shida gare ta. Nan na ga tara."

"Duk ɗaya ne, Inna. Wannan ya fi kusa da Larabcin, duk wanda ya karanta zai ja shi yadda ya kamata. Kuma yanzu haka ake rubutawa. Wancan ai na mutanen da ne."

Ba da raini ta faɗa ba, na shaida. Tana murmushi ne, tana gyara wa jaririya hula. Da a nan na buɗe baki na ce mata, 'yar nan, wancan na mutanen da shi na cika shafi huɗu da shi, da ta fahimta, don Safiya ba ta da taurin kai. Amma yaya zan yi in bayyana wa surukata abin da ke tsakanina da 'yar fari? Sai na ce "to". Na ninke takardar na sa a jaka. Ku riƙe wannan "to" ɗin, shi ne laifina.

Na ci ado kamar mai zuwa ɗaurin aure. Atamfata mai ruwan goro, sabon mayafi, tabarau, da birona na kaina. Gwaggo Laraba ta ce dole ta raka ni, don in an tambayi sunan yarinya wa zai faɗa? Muka sami layin mata masu goyo a barandar asibiti, ma'aikacin rajista yana zaune a bakin tebur, wani dattijo mai furfura a gemu da son barkwanci. Da layi ya zo kanmu ya tambayi sunan uba, na faɗa. Sunan uwa, na faɗa. Ranar haihuwa, na faɗa har da lokaci.

"Madalla, Hajiya. Sunan yarinya?"

Gwaggo ta matso ta ture ni da kafaɗa.

"Dije."

"Gwaggo, Dije na cikin gida ne. Hadiza ce, ko Hadizatu, ko Khadija? Sunan nan kullum sai na rubuta shi kala huɗu kafin azahar. Ku faɗa mini naku."

"Duk wanda ka ga dama, ɗan nan, ai duk ita ce."

'Yar takardar Safiya tana cikin jakata. Kada wani ya ce mantuwa na yi. Hannuna yana kanta, ina jin ninkinta. Amma da na dubi takardar gwamnati a gabansa, mai tambari, wadda za ta bi yarinyar nan makaranta, ta bi ta har inda ni ba zan kai ba, sai na ji wani abu ya taso mini. Wadda ta goya Nura ba ta taɓa zama a aji ba. Ba a taɓa kiran sunanta a rajistar makaranta ta ce ga ni ba. Yau sunanta zai shiga, kuma sai a canza masa kaya don kada a gane daga ƙauye ya fito? Na saki takardar na zaro biro.

"Ba ni inda zan rubuta maka."

"Ke!" in ji Gwaggo. "Sunan ta farin fa!"

"Dubi bakina, Gwaggo. A rufe yake."

Ya turo mini farar takarda. Matan layi suka miƙo wuya. Na gyara tabarau, na dafa tebur, na rubuta shi harafi bayan harafi, ban yi gaggawa ba. Hadiza. Dattijon ya ɗaga takardar sama yana nuna wa mutane.

"Jama'a ku ga rubutu! Wallahi ya fi nawa kyau. Hajiya, a ina kika yi karatu?"

"A bencin jikokina."

Baranda ta ɗauki shewa. Wata ta ce ita ma bana za ta shiga aji ko mijinta ya so ko ya ƙi. Ya kwafa a takardar haihuwa, ya buga hatimi, ya miƙo mini da hannu biyu. Ban san ƙafata tana taɓa ƙasa ba a hanyar komawa. Na sayi rake na raba wa duk wanda muka haɗu da shi. Gwaggo tana bayana tana mita, wai boko ya buɗe wa tsofaffi ido. Sai da na sa ƙafa a zauren gidan Nura sannan na tuna da fuskar Safiya.

Ta karɓa da murna, ta duba, murnar ta ɗauke. Ta daɗe tana kallon takardar.

"Inna, kuskure ya yi?"

"Bai yi kuskure ba. Ni na rubuta masa."

"Takardar da na ba ki fa?"

"Tana jaka."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da na ji sauƙi, don faɗa ba baƙona ba ne. Hawaye kawai suka zubo mata, ta ce:

"Inna, ni na haife ta fa."

Ta juya ta fuskanci bango. Na fito ina cika ina batsewa, ina ce wa Gwaggo yaran zamani ba su da ta ido. Na sa aka kira mini Nura a waya don ya raba mu. Da ya ji kan zancen sai ya fara, "Inna? Inna? Ba na jin ki, layin ba kyau," alhali ina jin ƙarar cokalinsa a kwano.

Bayan kwana uku mahaifin Safiya ya zo. Malam mutum ne mai sanyin magana. Ya zauna a zaure, ni ina daga bakin ƙofa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare: gida, gona, mai jego, jaririya, mutanen Kabo. Na shirya masa tsaf. Na ɗauka zai ce nasu na Larabci shi ne daidai, in ce masa mu ma ba arna ba ne.

"Hajiya, sunan Uwar Muminai ne, ko ta wace hanya aka rubuta shi albarkarsa tana nan. Ni ban zo a kan haruffa ba. Tambaya ɗaya gare ni. Da ta ba ki saƙon, me kika ce mata?"



"Na ce to."

"To, shi ke nan abin da ya kawo ni. Allah Ya raya mana ita."

Ya sa takalmansa ya tafi. Ban taɓa shan duka irin wannan ba, kuma ko murya mutumin bai ɗaga ba. Na yini ina juya tuwo ina juya maganar. Da la'asar na shiga ɗakin Safiya, tana kan gado, na zauna a ƙasa kan tabarma. Ku da kuka san ni kun san ban taɓa zama ƙasa da kowa ba in ba iyayena da babanku ba.

"Safiya, kin ba ni amana na ci. Ki yafe mini. Ranar da kika yi arba'in mu je tare a gyara, ko rantsuwar kotu ce a yi. 'Yarki ce."

"Inna, don Allah ki tashi, kada wani ya shigo."

"Sai kin yafe."

"Na yafe, wallahi na yafe."

Na tsaya ina jiran ta ce a bar shi haka. Ba ta ce ba. Cewa ta yi Allah Ya kai mu. Kuma tana da gaskiya. Kusan wata guda na yi ina ƙirga kwanaki, ina dama kunu, ina sanin ranar da za a goge abin da na rubuta tana matsowa. Ko kwalin ashana ban sake karantawa ba.

Ranar arba'in muka shirya da hantsi. Safiya ta sa hijabi ta goya yarinya, ni na riƙe takardar a leda. Muna tsakar gida sai ga sallama. Yayarku ce, ta sauka daga mashin da kaji biyu a ɗaure, da ƙullin daddawa, da man shanu a kwalba, ta zo barka da arba'in. Ba wanda ya gaya mata komai.

"A'a, ina zuwa haka? Ko takwarata ce ba lafiya?"

Ni da Safiya muka dubi juna. Gwaggo Laraba kuwa bakinta ba ya riƙe ruwa.

"Sunanki za su je gogewa. Uwarki ta rubuta na ƙauye, amarya tana son na birni."

"Gwaggo, ba haka ba ne," in ji Safiya, kunya ta kama ta.

Yayarku ta ajiye kajin. Ta goge hannunta a zani ta karɓi takardar, tana juya ta a hankali kamar za ta fashe.

"Wai a nan sunan yake? Wanne ne a ciki?"

Na nuna mata da yatsa.

"Wannan ɗan gajeren? Inna, ke kika rubuta?"

"Ni na rubuta, ma'aikaci ya kwafa."

"To karanta mini in ji, kafin a goge."

Safiya ta miƙo hannu da sauri don ta fitar da ni.

"Kawo in karanta miki, Yaya."

"A'a. Wadda ta rubuta."

"Ke yarinyar nan, ba ki da kunya?" in ji Gwaggo. "Uwarki za ki sa ta kira sunanki da rana tsaka?"

"Ni ban ce ta kira ni ba, Gwaggo. Karatu na ce ta yi mini. Da na iya ai da ban roƙi kowa ba."

Ba da gori ta faɗa ba, amma ni na san wanda ya sa ba ta iya ba. Na karɓi takardar. Na ɗauko tabarau, na goge shi, na sake goge shi. Na fara tun daga sama, ina jan lokaci. Na karanta jiha. Na karanta ƙaramar hukuma. Na karanta ranar haihuwa, da sunan uba, da sunan uwa, duk da ba haka suke a jere ba. Har ya rage saura layi ɗaya. Gwaggo ta fara salati. Na ɗora yatsa a ƙarƙashin harafin farko yadda Malama ta koya mana, na bi shi.

"Hadiza."

"Na'am, Inna."

Ba shiryawa ta yi ba. Fitowa ya yi kawai, kafin ta ankara. Ta toshe bakinta da hannu, mace mai 'ya'ya shida, idonta ya kawo ruwa, sai kuma dariya ta ƙwace mata, tana yi tana share hawaye da gefen mayafi. Gwaggo ta ɗauki butarta ta yi bayan gida tana cewa duniya ta zo ƙarshe. Safiya ta tsaya tana kallon mu, ni da Yayarku, ta daɗe. Sannan ta zare takardar daga hannuna, ta mayar da ita leda, ta shiga ɗaki. Na ji ƙarar akwatinta ya buɗe ya rufe. Ta fito ba hijabi.

"Inna, kajin nan farfesu za a yi ko soyawa?"

Ita ta bar shi, ba ni na hana a gyara ba. Ku rubuta wannan a ranku. Har yau a jikin littattafan yarinyar da harafi tara take rubuta mata, ban taɓa cewa uffan ba.

Ni kuwa ranar nan bakina da ya buɗe ya ƙi rufuwa. Hadiza, miƙo wuƙa. Hadiza, duba wutar nan. Hadiza, gishirin ya ji? Har abin da ke gabana sai na kira ta ta miƙo mini. Tana amsawa tana dariya, tana fige kaza. Da na kira na wajen ashirin ba tare da ina da abin cewa ba, ta ɗago kai, gashin kaza a goshinta.

"Inna, ki rage na gobe mana. Kada ki ƙarar da shi yau."